Hafsa Ba Ta Isa Darmanawa Ba

Asabar ce. Ƙarfe takwas na safe na sha koko, na ɗauki littafin darasin gwamnati, na biya wa ƙawata Hafsa. Muna ajin ƙarshe na sakandare, dukkanmu kimiyyar siyasa muka cike a jami'a. Ita aikin jakadanci take so, har Faransanci take koyo a wayar yayanta.

Malam Sani yana yi mana ƙarin darasi a soron gidansa a Gyadi-Gyadi. Ran nan aikin majalisa yake bayani. Hafsa tana ta yi masa gardama, yana dariya.

Goma da rabi muka ji ganga da ihu daga bakin titi. Lokacin kamfe ne, mun saba. Sai ƙarar fashewar gilashi. Magoya bayan 'yan takara biyu ne suka yi karo, 'yan daba suka kwararo layinmu da gorori da adduna. Sha ɗaya saura kwata aka yi harbin farko.

"Ku fita ta baya," in ji Malam. "Kada wanda ya bi titi."

Muka bi lungu, hannun Hafsa a cikin nawa. Gidan gwaggona a Darmanawa muka nufa. Mun wuce wata adaidaita sahu tana cin wuta. Aka sake harbi, sau uku. Hannunta ya yi nauyi. Ta durƙusa. Na ja ta, ba ta tashi ba. Wani dattijo ya fizgi hijabina.

"Gudu, yarinya!"

Na sake ta. Na gudu.

Ana kiran azahar na isa, ba takalmi. Kwana uku Gwaggo ba ta bar ni na leƙa waje ba. Wata nas, maƙwabciyar su Hafsa, ita ce ta gane gawarta a asibiti. An binne ta ba na nan.

Mun riga mun rubuta jarrabawar shiga jami'a. Da sakamako ya fito, mahaifiyarta ta aiko a kira ni, ta ce na duba mata. Na duba. Ta fi ni maki.

"Ta ci?"

"Ta ci, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce na rubuta mata makin a takarda. Na rubuta, ta ninke, ta ƙulle a bakin zanenta.