Kwanon da Ya Tsallako Katanga

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta gama takaba amma ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ba ta kuka, ba ta kuma cewa wani wuri yana mata ciwo. Abinci kawai ta daina ci. In na kai mata tuwo sai ta taɓa gefensa da yatsa, ta ce ta ƙoshi. Awarwaron da a da sai an goga sabulu yake fita daga hannunta, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Ni kaɗai ce 'yarta da ke Wudil, ina koyarwa a firamare, don haka na tattara na dawo gida. Tsoro nake ji ƙwarai, kada in rasa su biyun a shekara ɗaya.

Bazara ce. Da rana garin yakan yi tsit, sai ƙugin manyan motoci masu hawa gada, can nesa kamar cikin barci. Iska in ta taso daga kogi takan zo da ƙamshin kifin banda da na jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama, inda Baba yake noman albasa. Nakan zauna gindin dalbejiyar tsakar gida ina kallon balbelu suna wucewa, har in rasa ko jiya muke ko yau.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, ta ɗan girme Inna, ga ta da bakin tsiya. Wata Juma'a, ranar kasuwa, sai na ga kwanon samira ya leƙo ta saman katanga.

"Ke malama, karɓi ki kai wa uwarki."

Kifin banda ne ƙanana guda biyu, da ɗan yaji ƙulle a leda. Inna ta duba, ta ce an gode, ta mayar da fuska bango. Ni na cinye abina. Na wanke kwanon tas, na nufi katanga zan miƙa, sai na ji murya daga ɗaki.

"Ke! Haka za ki miƙa shi wayam?"

Rabon da in ji Inna ta ɗaga murya tun Baba yana da rai. A unguwarmu kwano ba ya komawa gidansu babu komai, ko barkono ne sai an jefa a ciki. Na san haka, amma na ɗauka an yafe wa mai makoki. Na ce bari in sayo taliya in sa. Ta ce, "Abin kanti? Ajiye shi nan." Na kife shi kusa da randa, daidai inda take hangowa daga kan tabarmarta.

Daga ranar Iya ta sa mu a gaba. Kullum da safe sai ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Masu gida, an tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri? To kwanona fa, ko an sa shi cikin rabon gado ne?" Abin ya riƙa ƙona mini rai. Mace na fama da kanta, ke kina zancen kwano! Ran nan na ce mata zan yi dambu in zuba mata, a huta.

"Rufa mini asiri," in ji ta. "Na taɓa cin naki, na wuni ina tofar da yashi. Na uwarki nake jira."

Wata rana bayan azahar na dawo daga makaranta, na kishingiɗa gindin dalbejiya, barci ya sace ni. A cikin barcin na ji ƙamshin zogale yana turara, na ji ƙarar kara a murhu, na ga Baba ya shigo da laka a ƙafa yana tambaya ko an sauke. Na ƙi buɗe ido don kada abin ya watse. Amma hayaƙin ya sa ni tari.

Inna ce zaune kan kujera 'yar tsugunne, ta naɗe awarwaron da tsumma don kada ya dame ta. Ta juye tsakin daga madambaci, ta zuba man gyaɗa da albasa da dakakken ƙuli, tana juyawa a hankali. Sai ta ɗebi kaɗan ta kai baki.

"Gishiri bai ji ba," ta ce, ita kaɗai.

Ta barbaɗa, ta sake ɗanɗanawa. Ta kuma ɗiba, wannan karon cike da hannu. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kukana ba tare da ta ji ba.

Da kanta ta miƙa kwanon ta saman katanga, tana ɗage. Iya ta karɓa, ta ce, "Kin ga dama ke nan."

Washegari da safe kwanon ya sake tsallakowa, da tumatir uku a ciki. Inna ta dube shi, ta yi tsaki.

"Matar nan ba za ta bar ni in huta ba," ta ce. "Ke, jawo mini turmi."