Rasuwar Yaya Sumie Mai Motar Hoton Ciki

Ku yi mini afuwa, 'yan'uwa mata, da na ɗora muku karatu a irin wannan mako. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma da ina da wata hanya da ban dame ku ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da misalin ƙarfe bakwai na safe, Allah Ya karɓi ran Kuramochi Sumie, mai ɗaukar hoton ciki a motar asibitin nan da ke zuwa ƙofar masallacinmu a Ibaraki sau ɗaya a shekara. Shekarunta hamsin da takwas. A cikin motar ta yanke jiki ta faɗi tana jera kofuna, ma'aikatan wata masana'anta na layi a waje suna jiranta. 'Yarta Chinatsu ce ta kira ni, ta ce, "Asabe-san, Mama ta tafi." Na ce, "Ta tafi ina?" Wallahi haka na ce. Ranar Lahadi fa Sumie ta kawo mini dankalin gonarta, lafiyarta ƙalau. Da hannuna na yi mata wanka, amma har yau in waya ta yi ƙara sai in duba ko ita ce.

Ga abin da ya hana ni yin shiru. An sa motar za ta zo mana ranar Lahadi, ashirin da shida ga wata. Ofishin lafiya ya ce in sunaye ba su kai ashirin ba zuwa Juma'a, za a soke ranar mata, kuma ba lallai a sake ware ta ba. Mu ashirin da huɗu muka rubuta suna. Daga jin rasuwar, bakwai sun janye, kowacce na cewa in ba Sumie ba, ba mai juya ta a kan gadon ɗaukar hoton nan.

Yaya Sumie, na san abin da ya sa suka faɗi haka. Kafin ki zo, takardar gwajin ciki in ta iso gidajenmu a shara take ƙarewa, don ba mai yarda ta yi ta birgima da 'yar riga a gaban namiji. Ke kika yi shekara biyu kina sintiri a ofis har aka ba mu rana guda, mata zalla. A lokacin ko Musulunci ba ki karɓa ba.

Ba na manta ranar farko. Wata daga cikinmu, ba zan kama suna ba, ta hau gado, sai kika leƙo daga bayan gilashi ido waje, kika ce kin ga duwatsu jere a cikin baiwar Allah. Ashe jigida ce. Kika yi dariya har da hawaye, daga nan kika ajiye ɗan kwando a bayan labule, tun daga ƙofa kike cewa, "Masu duwatsu a sauke kaya!" Da kika lura tsoro na sa mu rikita dama da hagu in gado ya fara karkata, sai kika daina faɗarsu. Kika koma cewa, "Juya wajen sallamar farko. Yawwa. Yanzu ta biyu." Ba wadda ta ƙara ɓata.

Ni kuwa raina kika ceta, da izinin Allah. Kun san garin nan da ake ba mutum ya haɗiya don ciki ya kumbura, kafin a sha bariyom, farin ruwan maganin hoto mai kaurin kunu, da sharaɗin ba gyatsa. To, ni na yi, har sau biyu. Na ce a haƙura sai baɗi. Kika ce, "Asabe-san, cikinki ne ko tukunyar shinkafa? Sunkuyar da haɓa, haɗiye yawu, ba inda za ki." A na uku kika daɗe kina duban hoton, ba tsokana. Wani ɗan tabo ne da bai kai ƙwayar wake ba. Ba ki gaya mini abin da kika gani ba, don kin ce wannan aikin likita ne, amma da takarda ta fito ke kika raka ni aka zura mini kyamara, kika zauna da ni ranar tiyata. Yau shekara biyar ke nan ina cin abincina.

Ba zan ce ba ki da aibi ba, don ina tsoron ƙari a kan mamaci. Kina da faɗa, kuma in mace ta sha ko shayi da safen gwaji, gida za ki kora ta ko kuka take. Na taɓa jin haushinki a kan haka. Na yafe, ke ma ina fata kin yafe mini.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarka Sumie, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata ƙabarinta, Ka sa wahalar da ta sha a kanmu ta zame mata haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Kuramochi Noboru, da Chinatsu, wadda ba addininmu take bi ba amma ta tsaya kai da fata aka binne mahaifiyarta yadda ta yi wasiyya, ba a ƙone ta ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya saka musu da alheri.

Wadda za ta riƙe motar mace ce, sunanta Iizuka Tomoe, shekara tara tana aiki a ƙarƙashin marigayiya. Jiya na je na gan ta, idonta a kumbure. Ta ce, "Ban iya ba'a kamar ta ba, amma zan zo, ko mutum nawa ne." Sai dai ofis ba zai sake ta ba sai sunaye sun cika, kuma saura uku. Ku bakwai ɗin nan, ban ga laifinku ba, ni ma ƙafata ta yi nauyi. Amma ban san a cikin wa irin tabona yake kwance yanzu ba.

Don Allah, wadda duk ta karanta wannan ta ba ni amsa kafin azahar ɗin Juma'a: za ki zo, ko ba za ki zo ba.