Fijon Kakanmu da Kwandensar Babur

A gidanmu na Kekun Waje, kakarmu Inna ba ta fara tatsuniya sai ta sauke tuwo, mu kewaye murhu muna gasa masara a sauran garwashi. Wajen shekarar casa'in da takwas kuwa, da fushi take yin ta. Kawu Sale ya rantse sai ya sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar Fijo a-kori-kura da marigayi kakanmu ya bari, wai kullum kwantak ɗinta, abin da ke ba injin wuta, ƙonewa yake yi, mota ta gaji. Inna ta ce sai dai bayan ranta.

Wata magariba Kawu na gefe yana cin tuwo, sai ta gyara zama.

"Ga ta nan gare ku," in ji ta, "amma wagga da gaske ta faru. Mai kunne shi jiya."

Wai kakanmu na dawowa daga kasuwar Tsafe motar ta mace masa a hanya. Wani mai gyaran babur ya ɗaura mata kwandensar babur, ya ce ai duk kanwar ja ce. Mota ta tashi. Amma daga ranar, kwana kaɗan sai kwantak ya yi baƙi ƙirin. Kaka ya kankare da gefen kwalin ashana, ya sake ƙonewa.

Inna ta haɗa yatsu biyu tana buɗewa tana rufewa. "Kwantak baki biyu ne, haka. In sun rabu, wuta ka tsalle tsakaninsu, kwandensa ita ka shanye ta. In ta yi ƙarama ba ta iyawa, sai wuta ta ci bakin. In ta yi girma ma ɓarna ce."

Kowa ya ce wa Kaka ya rabu da wahala, mota ta tsufa. Ya ce allambaran. Ya bi shagunan Gusau ɗaya bayan ɗaya har ya samo kwandensa daidai da motar, ƙonewa ta tsaya.

"Shi bai ɗora ma tsufa laihin gangancin wani ba," ta faɗa da ƙarfi, idonta ƙur a kan Kawu. "Ƙurunƙus!"

Kawu ya ajiye loma. Ashe da kwandensar da Kaka ya samo ta mutu, shi ma ta babur ya sa! Da safe ya hau motar Gusau ya je ya sayo wadda ta dace. Fijo ta ci gaba da kai hatsi Bungudu.

Sai da na girma na gane ba ƙarfe kaɗai Inna ke karewa ba. A lokacin an fara raɗa cewa ita ma ta gaji, a daina damun ta da shawara. To, sun yi kaɗan. Har ta koma ga Allah, ko kaza ba a yanka a gidan nan ba sai an tambaye ta.