Gwiwar da Na Ɓoye wa 'Yata

Ni dai a lokacin nan mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, mai jikoki shida. A unguwar Utaibiyya ta ƙasa mai tsarki aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na yi takaba. Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Duk shekara idan Hajji ya zo ina cikin matan da ke girki a Arfa, in yini tsaye a kan tukunya. Da ƙafata nake neman abincina, da ita nake dawafi, ba a taɓa tura ni a keke ba. Abin taƙamata ke nan a duniya.

Sai ciwon sukari ya kama ni, likita ya ce in riƙa motsa jiki. 'Yata ta fari, wadda har yau ba na kiran sunanta don kunya, ita ta ɗauke ni zuwa wani gidan motsa jiki na mata wajen unguwar Kudai, inda take koyon damben mutanen Tailan, mai naushi da shuri da gwiwa. Na ce mata ni da furfurata? Ta ce akwai ajin sababbin shiga, ba a dukan kowa sai buhu. Na bi ta, don ban saba doguwar magana da ita ba.

Mai koya mana sa'ar autata ce, Hala take ce mini, wato inna. Ta naɗe mini hannu da ƙyalle, ta nuna mini yadda ake ɗaga dunduniya a juya ƙafar da ke ƙasa kafin a kai wa buhu shuri da ƙwauri. Kullum sai ta maimaita cewa duk wadda ta ji ciwo ta tsaya nan take, a sa mata ƙanƙara. Na fara jin daɗin abin. Matan ajin har tsokanata suke, wai me buhun nan ya yi mini, ko shi ya sa mini sukarin.

A sati na uku na kai shuri ban juya ƙafar ba, na kafe ta a ƙasa yadda na saba tsayuwa gaban tukunya. Na ji ƙas a gwiwa. Yarinyar da ke koya mana ta tambaye ni, 'yata tana gefena tana kallo, na ce ba komai. Mu an rene mu a kan babba ba ya raki gaban yara. Na haihu bakwai ba wanda ya ji muryata, ina zan ce wayyo a gaban 'yar fari saboda buhu? Na koma gida na gasa wurin da ruwan zafi, na mulka man zafi, na ɗaure da tsohon ɗankwali. Haka na yi ta zuwa har sati biyu, ina cije leɓe, gwiwa tana ƙara kumbura, har ranar da na yi sujada na kasa tashi.

Likita ya ce jijiya ce ta yage, da na zo ranar farko da hutu ya isa, yanzu kuwa sai aiki. Shekarar nan ban je Arfa ba, ba na jin zan sake zuwa. Da azumi ya zo, a keke na yi dawafi, 'yata ce ke tura ni. Ba ta yi mini faɗa ba. A zagaye na huɗu ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko ita bare ce a wurina.

Ban ga laifin damben ba, ita tana zuwa har yanzu, lafiyarta ƙalau. Laifin nawa ne, na ɗauki dauriyar ɗakin haihuwa na kai ta inda ba a bukatarta. Ku tsarana, idan za ku fara irin wannan, ku fara a hankali, ku ji maganar mai koya muku ko da kun haife ta. Idan jiki ya yi ciwo ku faɗa a ranar, ku faɗa wa wanda ya fi kusa, ko da wanda kuke jin kunya ne. Ni na yi shiru sati biyu, ga ni zaune nake salla.