Bidiyon da ya tare aikin Yaya

Ban gaya wa kowa ba, ko Inna.

Bayan rasuwar Yaya Sani, abokinsa Bashir ya zo kwashe manhajar da suke haɗa wa manoman shinkafa zuwa tasa kwamfutar. Ta ƙi tafiya.

Ashe kowane gyara Yaya ya yi, sai ya rubuta bayaninsa. Bashir ya bi bayanan har ya iske: "Na sa bidiyon ƙanwata tana korar tsuntsaye a fadama, don gwaji. Yana da nauyi, a cire."

Ya dube ni. "Hauwa, shi ya tare hanya. In goge?"

"Akwai muryar Yaya a ciki?"

"Har dariyarsa."

Na ce ya tura min tukuna. Na ajiye wa Inna sai bayan yankan shinkafa, in hankalinta ya ɗan kwanta. Ku, da kun nuna mata yanzu?