Ngahuia da Jan Karen da Ya Faɗi Jarrabawa

A duk arewacin Niyu Zilan babu wanda ya san zuciyar kare kamar Ngahuia Paraone. Ita ce ta faɗa, kuma tun da ta shekara ashirin da biyu tana kama karnukan da ba su da masu su a garin Waimiro, ba a musa mata. Sau tara kacal aka cije ta.

Shekarunta sittin ba ɗaya. Kullum tana cikin motar hukuma mai keji a baya, da takalmin roba har gwiwa, da guntun nama a aljihu. Dokar aikin ba ta da wuya: kare ya kwana bakwai a hannunta, in mai shi bai zo ba, ko a samo masa mai riƙo, ko likita ya yi masa allurar da ba a farkawa. Ita ke sa hannu a takardar. Takan ce abin bai taɓa damunta ba, sannan ta daɗe tana fyace hanci.

Wata Litinin aka kamo wani jan kare a bakin daji da gashin tsuntsun kiwi a leɓe. Tsuntsun ya tsira, amma da ɗingishi. Eruera ne ya kawo ƙara, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, mai kula da kiwin dajin, wanda ya raɗa wa kowanne suna.

"Uwar karnuka, ga ɗanki ya yi abin kunya," in ji shi. "Tsuntsun nan ba ya tashi, ga wari mai kiran kare tun daga nesa. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya bari. Ki sa hannu kawai."

"Kai da ka saci kankana a gonar Baba, wa ya yi maka allura?"

"Kankana ba ta ƙarewa a duniya. Kiwina saura talatin da ɗaya."

Ngahuia ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta dubi karen. Shi kuma aljihunta yake duba.

Suka daidaita a kan a kai shi horo. Yadda ake yi, a ɗaura wa kare abin wuya mai ɗan jan lantarki, a ajiye fatar kiwi da aka cusa wa auduga a kan hanya, da ya sunsuna sai a danna maɓalli lantarkin ya ja shi. Washegari a sake gwada shi. In ya kauce, ya rayu. In ya nufi tsuntsun, ta sa hannu ba gardama.

Fatar kiwin ta Eruera ce. Shekara tara tana bayan kujerar motarsa, naɗe cikin tsohuwar rigar ruwansa, tare da taba da abincin da yake sa wa ƙugiyar kamun kifi.

Ranar Alhamis karen ya sunsuna, aka danna, ya yi tsalle yana kuka. Ranar Juma'a Eruera ya taho da fatar a hammata. Tun yana nesa karen ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu ya shige ƙarƙashin mota.

"Kai!" in ji Eruera. "Ban taɓa ganin ɗalibi mai kai irin wannan ba. Ya fi ki, wallahi."

Ya ajiye fatar a ƙasa ya tafi ɗauko shayi. Yana ba da baya karen ya fito, ya zagaya fatar, ya lashe ta, ya kwanta ya ɗora haɓa a kanta. Da Eruera ya ɓullo da kofuna biyu, sai karen ya koma ƙarƙashin mota.

Ngahuia kaɗai ta gani. In ta yi shiru, karen ya ci jarrabawa, a ba da shi ga wani manomi a bakin dajin nan. Ta tuna kiwi talatin da ɗayan nan.

"Malam, ba kiwi yake tsoro ba," ta ce. "Kai yake tsoro."

"Ke dai ba ki rabo da sharri."

"To shinshina da kanka."

Eruera ya ɗaga fatar ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ya shinshina hannun rigarsa. Wari ɗaya ne, nasa.

Alkawari dai alkawari ne. Ta ɗora takardar a kan mota ta zaro biro, ta tsaya tana neman layin da ta sani sarai.

"Dakata mana, sarkin sauri," in ji Eruera. "In malami ya yi kuskure, ɗalibi ake yankawa?"

"To a ina zai zauna? A nan dai ba zai yiwu ba."

Ya sosa ƙeya, ya ciro waya ya kira 'yarsa Awhina, ma'aikaciyar jinya a birnin Okland, wadda ta daɗe tana neman kare. A hawa na huɗu take zaune, a unguwar da tsuntsun da ya fi daraja shi ne tantabara.

Ran Asabar Ngahuia ta tuƙa sa'a huɗu ta kai shi da kanta, a kujerar gaba.

Har yau babu wanda ya san ra'ayin karen game da kiwi. Eruera yana zuwa ganin 'yarsa duk ƙarshen wata, ya kwana biyu. Kwana biyun nan a ƙarƙashin gado karen yake yin su.