Aron 'Ya a Shekarar Fari

Matso kusa da ni, don Allah, muryata ba ta zuwa nesa yanzu, kuma wannan maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Ni ba mai yawo ba ce. Duk abin da na sani na duniya, shi ya tako da ƙafarsa ya same ni a tsakar gida. Wannan ma haka ya zo.

A lokacin muna zaune a Fezzan, wata unguwa a Maiduguri. Mai gidana baduku ne, mutumin Kano, sai ni, da 'yata ƙwaya ɗaya, da gwaggonsa, tsohuwa mai faɗa mai kyauta. Shekarar nan damina ta yi rowa. Gero yana fid da kai ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta kankama mutanen ƙauyuka suka fara gangarowa cikin Maiduguri da tabarminsu da ƙoransu. Mai unguwa ya bi gida gida yana roƙon a ba su masauki. Mu aka kawo mana wata Babarbariya da 'yarta, yarinyar da ba ta daɗe da yaye ba. Mijinta ya kora sauran shanu ya nufi bakin tafki, shiru. 'Ya'yanta manya biyu kuwa ta baro su a kabari a garinsu.

Hausarta guntu-guntu, Barbarcina abin dariya, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba. Afuno take kirana, yadda suke kiran Bahaushe.

"Afuno, miyarku ba ta da gishiri."

"Ke Babarbariya, kin zo da yunwa har kin sami bakin zaɓe?"

Sai ta yi dariya ta karɓe taɓaryar daga hannuna. Ba ta iya cin abincin mutum ba ta yi masa aiki ba.

To, an kawo agaji. A wani fili kusa da Kasuwar Kwastam ake raba wa baƙin nan dawa da madarar gari, ranar rabo kuma masu lamba, wato masu rigakafin agana, suna zaune a gefe. Tsarinsu shi ne, mace ba ta karɓar komai sai ta zo da ɗanta an gan shi, an buɗe jikinsa an duba. Ba don mugunta ba, da hatsin suke jawo iyaye su kawo yara, saboda agana tana yawo. Kuma kowa ya san an kafa bukkokin zana a bayan gari inda ake kai masu ciwo, a ƙone tabarminsu da tsummokinsu. A bakin matan unguwa, duk yaron da aka gani da ƙuraje can za a kai shi, wanda aka kai kuma ko gawarsa ba a ba uwarsa. Haka muka ji, haka muka riƙe.

Ana cikin zafin nan da ke sa ƙasa ta ƙona tafin ƙafa, sai yarinyar ta kwanta da zazzaɓi. Ido ya yi ja, tari, majina. Gwaggo ta ɗaga kunnenta ta duba baya, ta ce, "Baƙon dauro ne. Ku rufe ta a ɗaki, ba wanka. Kuma kada allura ta taɓa ta, in ta taɓa ta bai gama fitowa ba, ciki zai koma ya kashe ta."

Yarinya ta ƙi tuwo, bakinta duk ya yi miki. Abin da take iya haɗiya kawai koko ne mai ruwa-ruwa da ɗan madarar nan a ciki, madarar kuma ta ƙare. Mu ma gidan ba yalwa, wa ke sayen takalmi cikinsa na kuka? Ranar rabo ta zo. In uwar ta kai 'yarta, za a ƙwace ta. In ba ta kai ba, babu madara.

Gwaggo ce ta ce, "Ana aron turmi, ana aron tukunya, don me ba za a yi aron 'ya ba? Ai haka ake yi a unguwar Lamisula." Gaskiya ne, mata da yawa suna yi. Tawa ta riga ta yi baƙon dauro bara, ba a tsoron ta ɗauka. Muka sa mata tsohon zane, muka shafa mata toka a ƙafa. Gwaggo ta zauna da maras lafiya, ni kuma mai gida ya bar ni na bi su, don kada tawa ta yi kuka.

Ban taɓa ganin taron mata haka ba, kuma babu hayaniya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Yara a goye kai na lilo. Mai duba yaran wata malamar asibiti ce, Kirista daga kudancin Borno, doguwa, gumi ya jiƙa mata farar riga. Da layi ya zo kan baƙuwata, malamar ta kama kumatun 'yata, ta dubi matar, ta sake duban kumatun.

"Baiwar Allah, wannan 'yar taki ita kaɗai aka yi wa damina a garinku?"

Mata suka ɗan dara. 'Yata kuwa ta waiwayo ta miƙo mini hannu tana kiran Inna. Na so ƙasa ta tsage.

Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka auna dawa da madara aka zuba mata a ƙwarya, sannan ta rage murya. "Ina taki? Zazzaɓi ne? Ƙuraje sun fito?"

Baƙuwata ta kafe idonta a ƙasa. Sai wani duba-gari da ke tsaye wurin, mai leƙa randunanmu, ya ce, "Na san su. Gidan baduku ne a Fezzan."

"To, zan zo da la'asar," in ji malamar. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, don na baya sun turo, ta juya ga wani yaron.

Muna shiga gida matar nan ta fara naɗe tabarma. Na ce, "Haba 'yar'uwa, ina za ki cikin ranar nan? Ki tsaya mu ji abin da za ta ce."

"Afuno, kin taɓa jin kura ta yi sallama?"

Gwaggo ta ce a kai yarinyar maƙwabta a ɓoye. Matar ta ce duba-gari ya san kowane ɗaki a unguwar. Na ce garinku babu ko ruwan sha. Ta ce akwai ƙanwar uwarta a wani ƙauye a hanya. Na tsaya a bakin zaure na riƙe gefen zanenta. Ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ta ce da Hausarta ta guntaye, "Biyu na rasa, na san inda suke kwance. Wannan ba zan bayar a binne inda ban sani ba."

Ta ɗaura yarinyar a baya, jikin kamar garwashi, ta rufa mata zane har ka. Na ƙulle mata madarar a tsumma, Gwaggo ta cika mata gora da ruwa. Ta fita.

La'asar ta yi, sai ga malamar. Ba mota, ba 'yan doka, ita kaɗai da jakarta. Da na gaya mata, sai ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Inna ta gida, bukkokin can na masu agana ne kawai. Ƙyanda, baƙon dauron nan naku, a gida muke jinyarta. Ga maganin ido na kawo, ga na tari, ga ƙarin madara. Inuwa take so da ruwa, ba tafiya ba." Ta shafa fuskarta. "Kullum motar shela tana faɗa."

Gwaggo ta ce, "Yarinya, motarku a bakin titi take magana. Mu a cikin gida muke."

Malamar ta bar magungunan a kan tabarma ko matar za ta dawo. Mai gidana ya rufe rumfa ya bi hanyar arewa har inda ƙafarsa ta kai, yana tambaya. Masu tafiya da goyo sun yi yawa, wa zai ce wannan ce?

Bayan 'yan kwanaki masu jakunan itace suka kawo labari. Sun ga wata mata zaune a gindin aduwa, nesa da gari, da goyo. Yarinyar ta riga ta cika, amma uwar ta ƙi a kwance zanen, tana cewa barci take yi, kada a tashe ta. Sai da tsofaffin wani ƙauye suka zo suka lallashe ta, suka yi wa yarinyar sutura. Ita kuma ta miƙe ta ci gaba da tafiya, ba wanda ya san inda ta nufa. Da na tambayi kalar zanen, suka faɗa. Nawa ne, wanda na ba ta ranar da ta sauka.

A bazarar nan an fitar da ƙananan gawarwaki daga unguwarmu har mutane suka daina tambayar na wane gida ne. Malamar ta ci gaba da zuwa rabo, ta rame ita ma. Wasu yaran sun tashi a hannunta, ban musa ba. Amma ni wannan ɗaya ce na goya, na san nauyinta.

Mutane suna cewa kwana ne ya ƙare, na yarda, ni Musulma ce. Sai dai na juya ranar nan a raina har na tsufa, ban ga wanda ya nufi yarinyar da sharri ba. Malamar alheri ta kawo, Gwaggo abin da ta gada ta faɗa, uwar kuwa ƙauna ce ta fitar da ita cikin rana. Kai da ka yi karatu, gaya mini: da kai ne a bakin zauren nan, ba ka san abin da la'asar za ta kawo ba, me za ka ce mata ta ajiye goyon?